Sangere: Abin Da Mai Keke Ke Gani, Mai Mota Ya Wuce

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma fa ba kowace irin tafiya ba. Mutumin da ya shiga mota a Jimeta ya nufi Mubi, kafin ya gama gyara zama ya wuce Sangere, in aka tambaye shi abin da ya gani ba zai iya lissafa kome ba ban da ƙofar jami'a da rumfunan 'yan tireda. Wanda kuwa ya ɗaure gorar ruwa da 'yar jakar kyamara a kariyar kekensa, ya fito bayan sallar asuba, shi ne zai san cewa a wannan ɗan tsakani akwai kogi, akwai fadama, akwai duwatsu masu tarihi, akwai kuma dajin da ɗakunan matan Adamawa suka daɗe suna samun adonsu daga cikinsa. Tafiyar kamar ta awa guda ce ga mai taka feda a hankali, amma mai tsayawa yana dubawa sai ya kai hantsi bai isa ba.

Sangere tana cikin Ƙaramar Hukumar Girei, a hayin Kogin Binuwai, kan babbar hanyar da ta tashi daga Jimeta ta bi ta Song da Gombi da Hong har Mubi. Sunan na Fulatanci ne, ma'anarsa sansanin yaƙi, kamar yadda sunan Yola ya fito daga kalmar da ke nufin tudu. Sunayen nan biyu kaɗai sun isa su nuna wa baƙo irin ƙasar da ya shigo, watau ƙasar da aka kafa garuruwanta ana duban inda ruwa ba ya kaiwa da inda abokin gaba zai ɓullo.

Gada Da Kogi

Abu na farko da zai tsai da mai keke shi ne gadar Jimeta. Daga kanta ake ganin Binuwai a shimfiɗe, kuma kogin nan ba ya zama da kama ɗaya. Cikin watan Agusta da Satumba yakan cika ya batse, ruwan ya yi ja, ya shanye gaɓa da gonakin bakinsa. A irin wannan lokaci ne jiragen ruwan kamfanonin Turawa kan hauro da kaya a zamanin da, su koma da gyaɗa da fatu, abin da ya mai da Jimeta tashar ciniki ke nan. Da rani kuwa ruwan yakan janye ya bar tsibiran rairayi fari fat, masunta su kafa bukkoki, masu noman rani su sauko da injin ban-ruwa, shanu su riƙa ratsa wuraren da wata biyar baya sai da kwalekwale.

Modibbo Adama ya kafa Yola cikin 1841, ya rasu cikin 1847, ɗansa Lamido Lawal ya gaje shi. A zamanin Lawal ne Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso bakin Binuwai ran 18 ga watan Yuni, 1851, a inda Kogin Faro ya haɗu da shi, gabas da Yola. Lamido bai yarda ya daɗe ba, 'yan kwanaki ya yi a birnin aka sallame shi. Barth ba shi da kyamara, da alƙalami da takarda ya riƙa zana abin da ya gani, amma har yau masana na komawa ga littattafansa don su san yadda ƙasar take a da. Yau ga shi kusan kowane ɗalibi yana da kyamara cikin wayar aljihunsa, sai dai kaɗan ne ke juya ta wajen kogi ko itace.

Sai dai mai niyyar ɗaukar hoto ya san cewa gada da shingen jami'an tsaro ba wuraren ɗaga kyamara ba ne sai da izini. Abin da ya fi shi ne ya ƙetare, ya wuce hayaniyar Hayin Gada da Vinikilang, sa'an nan ya gangara ta ɗaya daga cikin hanyoyin ƙafa da ke bi wajen fadama. A can ne zai iske balbela tana bin garke, da zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, da kirinjijiya suna tashi gungu-gungu suna fito. In kusa da faɗuwar damina ne, zai ga shamuwa ta iso. Ayu dai yana cikin namun da aka san Binuwai da su, amma ganinsa sai mai tsananin rabo. Gauraka kuwa, wadda tsofaffi suka saba gani a fadamun Arewa, ta yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya baki ɗaya.

Lokaci Da Haske

Masu sana'ar hoto sun san cewa haske shi ne jarinsu. A ƙasar Yola rana ba ta da wasa, cikin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, saboda haka daga ƙarfe goma na safe haske ya yi kaifi, inuwa ta yi baƙi, mahayi kuma ya fara jigata. Lokacin da ya dace shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Cikin hunturu hazo yakan rufe duwatsu, ƙura ta shiga gilashin kyamara, don haka hoton nesa ba ya fita, sai na kusa, kamar furen rimi ko 'ya'yan kuka a rataye. Wanda ke son ya ga ƙasar cikin cikakken adonta sai ya jira ƙarshen damina, watau Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da ruwa ya wanke sarari, gamba ta kai tsawon mutum, dawa ta fitar da kai.

Shi ma keken yana da nasa sharaɗi. Baƙin keken nan irin na da, Raleigh ko Phoenix, wanda ake labta wa buhun masara ko itace, har yanzu shi ne jakin talaka a ƙauyukan Girei, ya kuma fi jure wahala. Mai giya ya fi sauƙin hawan tudu, amma rairayi ba ya jin kunyar kowanne, in aka zo kwari dole a sauka a tura. Ƙayar aduwa da tsidau kuwa ba sa barin taya lafiya, don haka mai hankali ba ya fita ba famfo da faci da sholisho, gama da zarar an bar kwalta mai faci ya yi nisa.

Duwatsun Bagale

Tun daga kan gada ake hango duwatsun Bagale ta gabas, suna kuma rakiyar matafiyi har Sangere. A cikinsu ne Batawa suka kafa mafaka mai ƙarfi, suka daɗe suna gagarar Fulanin Yola, alhali kogi kaɗai ya raba su, har sai a zamanin Lamido Lawal aka ci su. Daga baya Turawan Ingila suka ci Yola cikin Satumba 1901, Lamido Zubairu ya fita bai miƙa wuya ba. Duk wannan ya wuce, duwatsun suna nan, an kuma keɓe dajin da ke jikinsu ya zama gandun daji na hukuma.

A gindin duwatsun nan aka kafa jami'a. An buɗe ta cikin 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Yola, aka haɗa ta da Jami'ar Maiduguri cikin 1984, aka sake raba su cikin 1988. Cikin 2011 aka sa mata sunan Modibbo Adama, daga baya cikin 2021 aka cire kalmar fasaha daga sunan, aka faɗaɗa fannonin karatunta. Jami'ar nan ita ce ta mai da Sangere abin da take a yau, garin ɗalibai mai gidajen haya da shagunan buga takardu da masu sayar da abinci, inda ake jin Fulatanci da Hausa da Turanci a rumfa guda. Kazalika cikin Oktoba 2014, da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, ta wannan hanya ce dubban mutane suka gudo, aka sauke wasu a sansanoni kamar na Damare, wasu kuma suka zauna wurin dangi, da yawa ba su koma ba.

Adon Ɗaki Daga Daji

Mai keke in ya bar kwalta ya shiga ƙauyuka da rugage, zai ga abin da ba a sayarwa a manyan kantuna. Amma da farko sai ya sauka ya yi sallama, ya ce sannu Baffa, sannu Dada, ya nemi Jauro ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba a ɗaukar hoton mutum, balle mace, balle cikin gida, sai an yarda. Wanda ya kiyaye wannan zai sha nono, a kuma nuna masa abin da yake nema.

Ƙasar Adamawa ta yi suna wajen zanen ƙwarya. Mata kan sa 'yar wuƙa cikin garwashi har ta yi zafi, su riƙa ƙona zane a bayan ƙwaryar, layi bisa layi, ba tare da sun fara shatawa ba. Fulani na da irin nasu zanen, Batawa da Yungur da Ga'anda kowa da nasa, har wani Bature mai suna T. J. H. Chappel ya rubuta littafi sukutum a kan ƙoran wannan yanki, aka buga cikin 1977. Ƙwarya da Fulatanci ita ce tummude, faifan da ake rufe ta da shi kuma mbeɗu. In aka jera su a ɗakin amarya, manya a ƙasa ƙanana a bisa, ga tabarmar kaba mai launi a shimfiɗe, ga randa a lungu tana sanyaya ruwa, ga zana sabuwa tana ƙanshin ciyawa, to, ɗaki ya haɗu ba tare da an sayo ko abu ɗaya daga ƙasar waje ba.

Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikin kayan nan yana da gindi a daji ko a gona. Ƙwarya daga duma take, zana daga gamba, tabarma da faifai daga kaba da ciyawa, azara daga giginya wadda gara ba ta cika ci ba, turmi daga kirya, randa daga yumɓun fadama. Yanzu roba da kwanukan Sin sun mamaye jeren amare, amma a birane har da ƙasashen Turai masu hali na neman irin waɗannan kaya da tsada don su rataya a bangon falo. Abin da 'yar ƙauye ke jin kunyar jerawa, shi baƙo ke biya ya ɗauka.

Inda Gizo Ke Saƙar

To, a nan ne maganar take. Yawan jama'a yana bukatar fili da makamashi. Inda ake yankan gamba jiya, yau an kafa harsashin gidan haya. Duk mai bin hanyar nan zai ga buhunan gawayi a jere da kekuna ɗauke da itace sun nufi Jimeta, itatuwan da aka fi nema kuwa su ne kirya da marke da kaɗanya, masu ƙarfin garwashi. Kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma gatari ba ya bukatar ko wuni guda. Ba kuma za a ɗora wa mai saran laifi shi kaɗai ba, gama shi ma abin da zai ci yake nema, masu sayen kuwa suna cikin birni, tsadar kananzir da iskar gas ta kora su ga gawayi.

In tudu ya rasa itace, ruwan sama yakan kwashe ƙasa ya zuba a kwari. Mutanen Yola sun ga yadda Tafkin Njuwa ya cike, har aka yi shekaru ba a yi shahararren bikin sun nan nasa ba. Sun kuma ga ambaliyar 2012 da ta 2022, sa'ad da ruwan damina ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru, ya ci gonaki da gidaje a bakin Binuwai. Kogin da yashi ya cike cikinsa ba shi da inda zai kai ruwa sai gidajen mutane.

Saboda haka hoton da aka ɗauka a Sangere ya wuce abin nishaɗi, shaida ce. Da ɗalibai za su zaɓi wuri guda, ko gindin wata giginya ko gefen dutse, su riƙa ɗaukarsa kowace shekara a wata guda, su rubuta ranar, su ajiye a sashen nazarin gandun daji na jami'arsu, da cikin shekara goma an sami abin da za a nuna wa hukuma wanda ba ya bukatar dogon bayani. Sai dai masu zuwa wajen duwatsu su tafi cikin ƙungiya, da rana, da sanin masu gari. Kada su kakkarya reshe ko su kwashe ƙwan tsuntsu da sunan ado. Mai son ƙawata ɗakinsa ya sayi ƙwarya da faifai daga hannun wadda ta yi su, ya biya ba tare da ya matse ta ba, don 'yarta ta ga sana'ar tana da amfani ta koya. In ya sami hali ya dasa tsamiya ko kaɗanya a ƙofar gida, ko da ba shi zai ci 'ya'yan ba.

Da la'asar, in mai keke ya juyo ya nufi Jimeta, rana takan faɗo daidai kan kogi, masunta na jan koma, garken shanu na komawa ruga cikin ƙura. Masu iya magana sun ce da rarrafe yaro kan tashi, gyaran daji ma da itace ɗaya ake fara shi. Allah Ya ba shugabanni da talakawa ikon riƙe amanar ƙasar nan, Ya sa jikoki su iske Bagale da itatuwanta a tsaye, amin.