KUƊIN RASHIN AIKI MA YANA DA HARAJI: ABIN DA YA FARU DA GIDANMU



Mun daɗe muna jan ƙafa kafin mu yarda mu rubuta wannan, domin magana ce ta bashi, kuma ba kowa ke son a san cikinsa ba. Amma ga Janairu ta kama, takardun haraji sun fara shigowa gidaje, kuma a makon jiya kaɗai mutum biyu suka tambaye mu wai da gaske ne kuɗin rashin aiki ba a sa shi cikin lissafin haraji. Wannan "wai" ɗin ce ta jefa mu rami. Shi ya sa muka zauna, maigida da uwargida, muka ce gara mu faɗi namu, in ya so wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama da wuta ya shafa wa nasa ruwa.

Mu mutanen Kano ne, muna zaune a Bronx da 'ya'yanmu uku. Maigida tuƙin mota yake yi, irin wadda ake kira ta waya. Uwargida kuma a lokacin tana gyaran ɗakuna a wani otal a Manhattan. A ƙarshen Maris 2020 korona ta rufe Niyok. Otal ya sallami ma'aikata, titi ya zama wayam, ba fasinja. Cikin mako guda mu biyu muka koma zaman gida, ga kuɗin haya, ga baki biyar, ga mutanen gida da suka saba jin saƙo duk wata.

Sai aka sa hannu a dokar da ake kira CARES ranar 27 ga Maris. Ita ce ta ƙara dala 600 duk mako a kan kuɗin rashin aiki na jiha har zuwa ƙarshen Yuli, ita ce kuma ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu irin direbobi, waɗanda a da ba su da rabo a ciki. Babban ɗanmu ne ya cika mana takardun a waya. Muna zaune a falo yana karanto tambayoyi muna amsawa. Ya zo kan wata ya ce, "Baba, suna tambaya ko a riƙa cire haraji tun daga tushe." Muka kalli juna. Kashi 10 cikin 100 ne za a riƙa cirewa na tarayya. Muka ce masa danna a'a. A ranar ba mu san ko za mu iya biyan hayar Mayu ba, wa zai ce a rage masa ko sisi? Ba mu yi dogon tunani ba, ko minti guda ba mu ɓata a kan tambayar ba.

Gaskiyar magana, ba mu ɗauki kuɗin a matsayin albashi ba. A zuciyarmu taimako ne gwamnati ta yi wa talakawa a lokacin annoba. Mu da muka taso muna jin labarin haraji a bakin iyayenmu, abin da muka sani shi ne mai unguwa da dagaci su zo karɓa, wanda bai da shi ya sayar da akuya ko ya ɓuya, har Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979. A tunaninmu haraji abu ne da hukuma ke karɓa daga abin da ka nema da guminka. Ta ba ka da hannun dama sannan ta dawo ta ce a ba ta wani abu daga ciki da hagu, wannan bai taɓa zuwa mana a rai ba.

Abin da ya ƙara rikita mu shi ne, a daidai wannan lokacin an raba cakin tallafi, na dala 1,200, da na 600, da na 1,400. Waɗannan da gaske ba su da haraji. Katin abinci ma ba shi da haraji. Duk kuɗin suna faɗowa asusu ɗaya daga gwamnati, sai muka haɗa su a kwando guda.

Da aka zo cika harajin shekarar 2020, mutumin da ya saba yi mana ya nemi takardar 1099-G, ɗanmu ya sauko da ita daga intanet, aka saka. A watan Maris 2021 Shugaba Biden ya sa hannu a wata doka da ta ce dala 10,200 na farko na kuɗin rashin aikin kowane mutum ba za a caje su harajin tarayya ba, ga gidan da abin da ya samu bai kai dala 150,000 ba. Mu biyu muka ci wannan rangwame, abin da ya rage kuma kuɗin yara ya shanye shi. Ba mu ji zafi ba. A ƙofar masallaci, a shagon kitso, a wurin jiran fasinja, magana ɗaya ce ke yawo: Biden ya yafe. Ba wanda ya ƙarasa zancen ya ce na shekarar 2020 ne kaɗai, kuma iya dala 10,200 ne. Mu ma da muka ji ba mu tambaya ba, saboda labarin ya yi mana daɗi.

Maigida ya koma tuƙi a farkon 2021. Uwargida kuwa otal bai kira ta ba, ta ci gaba da karɓa har farkon Satumba 2021 da aka tsayar da ƙarin dala 300 na mako. A wannan shekarar abin da ya shigo mata ya haura dala 19,000, ba a cire ko kwabo ba.

A 2022 mun canza mai cika mana haraji, muka je wurin wani da aka ce ya fi araha kuma yana fito wa mutum da kuɗi da yawa. Ya karɓi takardun mota, ya tambayi lambobin yara. Uwargida ta ce, "Baban yara, kuɗin rashin aikin nan fa?" Maigida ya ce, "Ai an yafe shi." Mutumin bai ce komai ba, ya ci gaba da danne-dannensa. Takardar 1099-G ba ta zo mana ta akwatin wasiƙa ba, tana can a shafin ofishin ƙwadago na jiha tana jiran wanda zai sauke ta, mu kuma ba mu shiga ba. Muka sa hannu, muka karɓi rarar da aka mayar mana, muka yi murna. Ba za mu ɗora wa mutumin laifi duka ba. Ya kamata ya tambaya, amma mu muka faɗi maganar da bakinmu, mu muka sa hannu.

Shiru har shekara ɗaya da rabi. A kakar 2023 wasiƙa ta zo daga IRS, hukumar harajin tarayya, a samanta an rubuta CP2000. Layi biyu ne suka kashe mana jiki. Na farko abin da muka ce mun samu. Na biyu abin da jiha ta gaya musu ta biya mu. Ashe duk 1099-G da aka yi da sunanka, an aika wa IRS kwafinta, kwamfutarsu ce ke haɗa biyun ta ga inda aka samu giɓi. Suka ce muna da biyan sama da dala 4,000, suka ba mu kwana 30 mu amsa ko mun yarda ko ba mu yarda ba.

Mun yi lissafi a daren nan ya fi sau biyar bai fita ba. A ganinmu ko an caji harajin bai kamata ya kai haka ba. Sai da muka je wani ofishi da ke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi a kan matsalar haraji kyauta, wata mata ta zaunar da mu ta warware mana. Kashi uku ne. Akwai harajin kansa. Akwai kuɗin EITC, wanda ake ƙara wa masu aiki masu ƙaramin samu: kuɗin rashin aiki ba ya shiga cikin abin da ka samu da aikin hannunka, don haka ba ya ƙara maka EITC, amma yana shiga jimillar abin da ka samu a shekara, don haka yana rage shi. Wani ɓangare na rarar da muka yi murna da ita ashe ba haƙƙinmu ba ne. Na uku kuɗin ruwa, wanda ya fara hawa tun daga ranar 18 ga Afrilu 2022, ranar da ya kamata a ce mun biya. Wannan na ukun ya fi ci mana rai. Mun shekara goma muna kauce wa katin bashi don gudun kuɗin ruwa, sai ga shi mun jawo wa kanmu shi muna barci.

Bayan na tarayya, jiha ma ta zo da nata, kusan dala 900. Niyok tana cajin haraji a kan kuɗin rashin aiki. Da a New Jersey muke, can tsallaken kogi, ko Pennsylvania ko Kalifoniya, da jiha ba ta taɓa shi ba. Shi ya sa in ɗan uwanka na Newark ya ce maka shi jiha ba ta caje shi ba, ba ƙarya ya yi ba, amma dokarsa daban taka daban. Na tarayya kuwa ya hau kan kowa, duk jihar da kake.

Abu biyu ne suka tsaya saboda wannan wasiƙa. Na farko, muna shirin shigar da takardar neman zama 'yan ƙasa, N-400, kuma a cikinta akwai tambaya a kan ko ana bin ka harajin da lokacinsa ya wuce. Ba za mu yi ƙarya a takardar da za mu rantse a kanta ba. Dole muka dakata sai da muka samu yarjejeniyar biya a rubuce, muka fara biya, muna da shaidar da za mu nuna. Na biyu ya fi nauyi. Mun riga mun yi wa Inna, mahaifiyar maigida, alkawarin sauya mata kwanon ɗaki kafin damina, da rarar harajin shekara mai zuwa. Wanda ake bi haraji kuwa, IRS riƙe rararsa take yi ta zuba a bashin. Ranar da za mu kira ta, sai da muka yi ta tura wa juna wayar. Da muka gama kame-kame ta ce, "Ku biya hukuma tukuna, ku kwana lafiya a ƙasar mutane. Ruwa dai ba yau ya fara zuba ba, akwai bokiti." Ta yi dariya. Mu ba mu iya yi ba. Daminar 2024 da bokiti ta yi ta.

Mun amsa wasiƙar cikin kwanakin da aka ba mu, muka ce mun yarda, muka nemi biya wata-wata. Ba wanda ya zo ƙofarmu, ba wanda ya kira mu da barazana. Wannan ma darasi ne: IRS da wasiƙa take fara magana. Duk wanda ya bugo waya yana cewa ka sayi katin kyauta ka biya yanzu ko a kama ka, ɓarawo ne. Da biyan wata-wata da rarar da suka riƙe, Alhamdulillahi mun sauke nauyin, an kuma yi wa Inna kwanonta, duk da an makara da shekara guda.

Daga baya mun karanta tarihin abin. Tsarin kuɗin rashin aiki a Amurka ya samo asali ne daga dokar 1935, kuma shekara da shekaru ba a caje shi haraji ba. An fara cajin wani ɓangare a 1979, tun daga 1987 kuma ake cajin sa gaba ɗaya. Hujjarsu ita ce madadin albashi ne, albashi kuwa yana da haraji. Har gobe muna ganin akwai tsanani a ce mutumin da ya rasa aiki a bi shi da lissafi. Amma ra'ayinmu bai rage ko dala ɗaya daga abin da aka bi mu ba.

To 'yan uwa, ga abin da muke roƙon ku da shi a wannan kaka ta haraji. In kun karɓi kuɗin rashin aiki a shekarar da ta wuce, ko na mako biyu ne, ku nemi 1099-G. Zuwa 31 ga Janairu take fitowa. In ba ta zo gida ba, ku shiga shafin da kuke neman kuɗin, tana can. Akwati na 1 shi ne abin da aka biya ku, akwati na 4 shi ne abin da aka riga aka cire na tarayya. Adadin yana shiga Schedule 1, layi na 7. Kafin ku sa hannu, ku ce wa mai cika muku ya nuna muku wannan layi da yatsa, ku kuma tabbatar shi ma ya sa sunansa da lambarsa a ƙasan takardar. Wanda ya ƙi sa sunansa, ku ɗauki takardunku ku fita. Masu ƙaramin samu kuma akwai shirin VITA da ke cikawa kyauta.

In yanzu kuke karɓa, ku ce a cire kashi 10 ɗin, ta shafin jiha ko da takardar W-4V. In ba za ku iya ba, mun fahimta, mun zauna a wannan kujerar, amma ku san bashi ne kuke tarawa, ku riƙa ajiye wani abu gefe. In kun riga kun cika kun bar shi a baya, akwai 1040-X ta gyara, kada ku jira wasiƙa. In kuɗin biya ne babu, ku dai shigar da takardun a kan lokaci: tarar ƙin shigarwa kashi 5 cikin 100 ce duk wata, ta jinkirin biya kuwa rabin kashi 1. In kuma 1099-G ta zo da sunanku alhali ba ku taɓa karɓar komai ba, wani ne ya yi amfani da bayananku, ku sanar da jiha ta gyara, kada ku sa kuɗin da bai shiga hannunku ba.

Bara an rage wa uwargida aiki na wata biyu a sabon wurinta. Ɗanmu ya sake zama da waya yana karanto tambayoyi. Da ya zo kan waccan, bai ma ƙarasa ba muka ce masa danna e.

Allah ya rufa mana asiri, ya raba mu da bashi, ya ba marasa aiki aikin yi mai albarka. Wanda ya taɓa samun irin wannan wasiƙa ya gaya mana yadda ya yi, domin wasu su ƙaru.