Ƙwallon da Ake Gwada Rada da Shi

Daga Boston zuwa garin Westford, a jihar Massachusetts ta Amurka, tafiya ce da ba ta kai awa guda a mota ba. Hanyar duk kurmi ce, sai can ka hango wata farar kubba ta leƙo daga bayan itatuwa. A cikinta ne aka ɓoye faifan Haystack mai faɗin mita 37, wanda ya fara aiki a 1964. Kusa da shi kuma ga na'urar rada ta tudun Millstone, wadda ta gano tauraron Sputnik na Rasha a 1957. Wuri ne na jami'ar MIT, shiru kamar ba kowa.

Na zo ganin manyan ƙarafa, amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani ɗan ƙwallo ne da ba ya ma wurin.

Rada tana harba sigina sama, abu ya tare shi ya dawo, daga ƙarfin abin da ya dawo ta ƙiyasta girman abin. To wa ya ce ƙiyasinta daidai ne? Na'ura tana tsufa, zafi da sanyi suna taɓa ta. Mai sikeli a kasuwa yana da dutsen awo wanda kowa ya san nauyinsa. Masu rada su ma sai suka nemi nasu, suka rataye shi a sararin samaniya.

Sunansa LCS-1. Ɗakin bincike na Lincoln, wanda shi ma na MIT ne, ya sa aka ƙera shi, aka harba shi ranar 6 ga Mayu, 1965. Alminiyam ne, cikinsa fanko, faɗinsa mita ɗaya da santimita 13, yana kewaya duniya a nisan kilomita kusan 2,800. Ba batir, ba injin, ba eriya. An zaɓi wannan faɗi ne don rada ta gan shi a matsayin murabba'in mita ɗaya cif. An kuma yi shi zagayayye saboda ƙwallo ba shi da gaba ba shi da baya: ko ta ina ka haska shi, amsa ɗaya zai mayar. Idan lissafi ya saɓa, injiniya ya san matsalar tana ƙasa, sai ya gyara na'urarsa.

A ganina hikimar tana cikin abin da suka ƙi saka masa. Yawancin taurarin zamaninsa masu wayoyi da batura sun daɗe da mutuwa, shi kuwa babu abin da zai lalace a jikinsa, kuma a nisan da yake iska ba ta jawo shi ƙasa. Sojojin ruwan Amurka sun harba nasu ƙwallayen, Calsphere, tun 1964, Lincoln kuma ta ƙara LCS-4 a 1971, a ƙasa-ƙasa da na farkon.