Doka Ɗaya, Mudu Biyu

Na daɗe ina riƙe da wani ra'ayi, kuma na sha kare shi a majalisar hira. Duk lokacin da aka kawo zancen yawan baƙar fata a gidajen yarin Amurka, sai in ce doka ba ta san launin fata ba, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Na yi kuskure, kuma na ɗauki alhakin mutanen da ban san yadda aka ɗaure su ba. Tarihin wata doka guda ɗaya ne ya nuna mini haka.

A watan Yunin 1986 wani matashin ɗan wasan ƙwallon kwando, Len Bias, ya mutu bayan ya sha hodar ibilis, kwana biyu da ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi. Hankalin ƙasar ya tashi, ga zaɓe yana ƙaratowa, kowane ɗan majalisa yana so a ga ya fi kowa zafi a kan ƙwaya. Kafin ƙarshen Oktoba Shugaba Reagan ya sa hannu a sabuwar doka. Ta ce wanda aka kama yana safarar giram 5 na kirak zai sha ɗaurin aƙalla shekara 5, alƙali ba shi da ikon ragewa. Mai safarar garin hodar kuwa sai kayansa sun kai giram 500 kafin wannan hukunci ya hau kansa.

To mene ne kirak? Hodar ibilis ɗin ce dai, a dafa ta da ruwa da bekin soda ta dunƙule, a farfasa a sayar da araha. Shi ya sa ta yaɗu a unguwannin talakawa, inda baƙar fata suka fi yawa, garin kuma ya fi yawo a hannun masu hali. Babu inda dokar ta ambaci baƙi ko fari, amma shekara da shekaru, cikin mutum goma da kotunan tarayya suka ɗaure saboda kirak, kusan takwas baƙar fata ne. Yaron da ke sayarwa a bakin titi da abin da bai cika tafin hannu ba, sai ya sha ɗaurin da ya kai na dillalin da ya kawo rabin kilo. Wani abin takaicin, garin hodar ne ya kashe Len Bias, ba kirak ba.

A nan ra'ayina ya rushe. Na ɗauka in dai rubutun doka bai nuna bambanci ba, to adalci ya tabbata. Ashe ana iya auna wa mutane hukunci da mudu biyu alhali takardar ɗaya ce.

Gyaran ma bai zo da sauƙi ba. Tun 1995 hukumar da ke tsara ma'aunin hukunci ta Amurka ta ba da shawarar a daidaita su, majalisa ta yi watsi da shawarar, Shugaba Clinton ya mara wa majalisar baya. Sai a 2010 Obama ya sa hannu a dokar da ta rage tazarar daga ninki 100 zuwa ninki 18, ita ma ba ta waiwayi waɗanda aka riga aka ɗaure ba. A 2018 ne, zamanin Trump, aka ba tsofaffin fursunonin damar komawa kotu su nemi ragi. Joe Biden, wanda da shi aka yi dokar 1986 yana sanata, ya fito a 2019 ya amsa cewa babban kuskure ne. A 2021 majalisar wakilai ta amince a share tazarar baki ɗaya, amma ƙudirin ya maƙale a majalisar dattawa. Dokar da aka ƙulla cikin 'yan watanni ta ci shekara 24 kafin a fara kwance ta. Gaskiyar Hausawa, sauri ya haifi nawa. Wanda aka rufe yana saurayi ya fito da furfura, 'ya'yansa sun tashi ba uba, babu sa hannun shugaban da zai mayar masa da waɗannan shekaru.

Ba na cewa a sassauta wa masu lalata mana 'ya'ya. Mun ga abin da kodin da taramol suka yi wa matasanmu, shi ya sa da majalisar dattawan Najeriya ta amince da hukuncin kisa ga masu safarar ƙwaya a 2024, da yawanmu muka yi na'am. Amma yanzu na koyi yin tambaya kafin in tafa: wa wannan doka za ta kama a zahiri, babban dila ko ɗan aikensa? A wace unguwa ake kai samame? Wa ke da kuɗin ɗaukar lauya?

Ina kira ga 'yan majalisunmu, kada a yi dokar hukunci cikin fushi ko a jajibirin zaɓe, kuma in an yi ta a riƙa ƙidaya waɗanda take ɗaurewa, a bayyana wa jama'a. Mu kuma mu daina yanke wa fursuna hukunci na biyu da bakinmu ba tare da sanin ma'aunin da aka auna shi da shi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.