Furen da Ruwa Ya Kusa Kashewa

'Yar'uwa, idan ganyen furenki na okid ya fara yaushi, kada ki yi saurin ƙara masa ruwa. Sau da yawa ruwan ne ya ruɓar da saiwar. Asalinsa dazukan Indunusiya da Filifin, inda yake manne wa bishiya, saiwarsa a waje tana shan iska. Idan aka cusa shi cikin ƙasa, ga damshin Agustan Kaduna, sai ruɓa.

Nawa amana ne. Ƙanwata ta bar mini shi a Malali da aure ya kai ta Legas, yana gab da mutuwa. Yadda nake wanke ciwo a asibiti na yi masa: na goge almakashi da sifirit, na datse saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi, na bar masu tauri. Na mayar da shi tukunya mai huji, cikin gawayi da ɓawon kwakwa, kusa da taga, ba cikin rana ba.

Ruwa kuwa, sai saiwar ta yi fari-fari, kusan mako-mako. Ki yi haƙuri da naki. Nawa ya yi wata 2 kafin sabuwar saiwa ta leƙo, sannan na samu bakin amsa wa ƙanwata.