Babur Mai Durƙushewa a Birnin Alƙahira

Tun da muka komo daga Masar mutane su ke ta tambayarmu labarin Kogin Nilu da gine-ginen Fir'auna. Waɗannan kuwa kun sha jinsu a bakin alhazai. Abin da za mu ba ku yau labarin wani babur ne, wanda ya zagaya da mu birnin Alƙahira wuni guda cur, ya kuma kusa sa mu taɓa kuɗin da ba namu ba.

Mun sauka Alƙahira cikin watan Sha'aban 1443, watau Maris 2022. Abu biyu suka kai mu. Na fari sayen littattafai a kantunan da ke bayan Masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970, aka fara sallar Juma'a cikinsa a 972. Na biyu saƙon kuɗi da waɗansu iyaye na Kumasi suka danƙa mana, mu kai wa 'ya'yansu masu karatu can. Mai masaukinmu wani tsohon almajirinmu ne, wanda ya gama karatu ya zauna unguwar Hayyul Ashir ta Madinatu Nasar, yana sayen jallabiyoyi da turare yana aikawa gida.

Wannan yaro yana da babur, amma fa ba irin ƙananan nan da ku ke gani a Aboabo ko Nima ba. Babban babur ne na doguwar tafiya, tsohon hannu, nauyinsa ya kusa kilo 400, da akwatuna hagu da dama, da kujerar baya mai majingina kamar ta sarki. Da shi ya ke zuwa Iskandariyya da sauran garuruwa neman kaya. Wanda ya sayar masa ya riga ya cire shokazoba na asali mai sifirin, ya ɗora masa mai iska.

To, ga yadda abin ya ke, domin wanda bai taɓa gani ba. Maimakon sifirin na ƙarfe, iska ce a matse ta ke ɗaukar nauyin bayan babur. Akwai ɗan famfo da ke aiki da batir, yana boye ƙarƙashin kujera. Daga famfon siririn tiyo na roba mai tauri, bai kai kaurin alƙalami ba, ya tafi har shokazoba biyu na baya. A hannun babur akwai makunni. In ka danna sama famfo ya hura iska baya ya ɗaga, in ka danna ƙasa iska ta fita ya sauka. Amfaninsa shi ne mutum ya ƙara iska in ya ɗauki kaya ko fasinja, ya rage in shi kaɗai ne, gajeren mutum kuma ya sauke shi ƙafarsa ta taɓa ƙasa in ya tsaya.

Kashegarin saukarmu ya ce zai kai mu Azhar. Muka hau lafiya. Ba mu yi tafiyar rabin sa'a ba sai muka ji kujera tana nutsewa da mu sannu sannu, kamar raƙumi zai durƙusa. Titunan Alƙahira kuwa cike su ke da tudun nan da a ke ginawa don rage gudu, su suna kiransu maɗabbat. Kowanne muka haye sai ƙarfe ya bugi ƙarfe, mu ji shi har ƙashin baya. Ya danna makunni, famfo ya yi ta gurnani, babur ya ɗaga, jim kaɗan ya sake durƙusawa. Wannan ba abin wasa ba ne. In bayan babur ya sauka da yawa taya tana iya gogar murfinta, in kuma an karkata a kwana ƙarfen ƙasa ya ja kwalta. Ban da haka famfon da ya ke ta aiki ba hutawa ya kan yi zafi ya ƙone, ya kuma shanye batir.

Ana nan, ran 21 ga Maris aka karya darajar kuɗin Masar. Dalar Amurka da ta ke fam 15 da 'yan kai ta haura fam 18 a yini ɗaya. Ku 'yan kasuwa kun san abin da ya kan biyo baya: duk kayan da a ke shigowa da su daga waje sai su tashi. Da dare yaron nan ya zo ya zauna gabanmu, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, wani ya duba ya ce famfo da shokazoba duk sun mutu, sai sabbi. In ban saya cikin makon nan ba kuɗinsu zai fi ƙarfina. A ranta mini daga saƙon nan, in kayana sun isa Kumasi in biya."

Maganar ta yi mana nauyi ƙwarai. Ga shi gidansa mu ke ci mu ke sha, babur ɗin kuma shi ne ƙafarsa ta neman abinci. Ga shi kuma kuɗin nan na mata ne masu sayar da koko da waken shinkafa, sun tara kwabo kwabo don 'ya'yansu. Muka ce masa, "Ɗana, wanda ya ce sun mutu, ya nuna maka inda suka mutu?" Ya ce a'a. Muka ce to, gobe mu fita mu nemi mai nuna mana, sa'an nan mu yi maganar kuɗi.

Da safe muka fara da kasuwar Taufiƙiyya, a tsakiyar birni. Nan ne Abossey Okai na Alƙahira, kantunan kayan mota jere da juna, gefe kuma masu kayan marmari. Kowa muka gaya wa ciwon sai ya miƙo kwali. Ba wanda ya fito ya dubi babur. Daga nan muka gangara wajen kogi zuwa Wikalatul Balah a unguwar Bulaƙ, inda a ke sayar da gwanjon tufafi da tsofaffin ƙarafa. Can wani dattijo mai sayar da noti ya ce mu ƙetare Nilu mu je Bulaƙ Dakrur, akwai wani makaniki da ya san manyan babura.

Sunan wannan unguwa ya sa muka ɗaga kunne. Dakrur shi ne Takrur, sunan da Larabawa su ke kiran mutanen ƙasashenmu na yamma tun dā. Malaman tarihi na Masar sun ce unguwar ta sami sunanta daga wani shehi Batakrure da ya zauna nan zamanin Faɗimiyyawa. Kun kuma san Mansa Musa na Mali ya bi ta Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, ya rabar da zinariya har darajarta ta faɗi. Ashe tsohon zango za mu. Yau unguwa ce mai cunkoson jama'a a ɓangaren Giza, lunguna matsattsu, da kekuna masu ƙafa uku irin waɗanda mu ke kira pragya suna ta shawagi kamar ƙudan zuma.

Makanikin, wanda mu a Kumasi za mu ce fita, su Usɗa su ke ce masa. Yaron da ke koyon aiki kuwa ko'ina sunansa Bilya. Shagon bai fi zaure ɗaya ba. Usɗa bai taɓa sifana ba tukuna. Ya aiki Bilya ya kawo shayi, sa'an nan ya yi tambaya uku. Famfo yana kuka in an danna? Babur yana sauka in ya kwana a ajiye, ko sai ana tafiya? Wa ya ɗora kayan? Mai masaukinmu ya ce famfo yana kuka, in ya kwana kaɗan ya ke sauka, amma in an hau sai ya zube, wanda ya ɗora kuwa bai san shi ba.

Usɗa ya ce kukan famfo ya wanke wuta daga zargi. Da shiru ya yi, sai a fara da fiyus, da wayar da ke kama jikin ƙarfe ko ta yi tsatsa, da makunni, da ƙarfin batir. Duk da haka ya duba su ɗaya bayan ɗaya, don dubawar ba ta cin ko sisi. Ya ce saukar dare 'yar kaɗan ma ba lalle ciwo ba ce, gama iska ta kan tsuke in gari ya yi sanyi. Ya ciro ɗan soson da ke tace iska a bakin famfo, ya nuna mana ya toshe da ƙura. Lokacin kuwa na iskar hamsin ne, wadda ta ke kwaso ƙurar hamada kamar hunturunmu, sai dai ita da zafi ta ke zuwa. Ya kakkaɓe shi ya mayar.

Sa'an nan aka kawo babban kayan aikin, watau ruwan sabulu cikin gora. Duk mai faci ya san wannan dabara. Aka cika iska, Bilya ya bi kowane mahaɗi yana yayyafawa, a bakin famfo, a inda tiyo ya rabu biyu, a kan shokazoba. A mahaɗi ɗaya muka ga 'yar kumfa tana tasowa a hankali. Usɗa ya zare tiyon ya nuna mana bakinsa. Da filaya aka yanke shi, ya murɗe ya karkace, roba ta ciki ba ta kama shi daidai ba. Ya sa reza ya yanke shi miƙe, ya tura har ya zauna. Mai masaukinmu ya fara murna. Usɗa ya ce ya dakata, wannan ɗan yoyo shi ne na dare, bai isa ya durƙusar da babur cikin rabin sa'a ba.

Abin da ya yi bayan wannan shi ya fi burge mu. Ya raba kayan gida biyu, kamar yadda mai shari'a ya kan raba masu gardama ya ji kowa shi kaɗai. Ya cire tiyo daga shokazoba, ya ɗaura musu bawul irin na taya, ya hura su, ya auna da ma'auni, ya rubuta adadin da alli a bango. Ya ce mu je mu ci abinci. Muka ci koshari, watau shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, muka yi azahar, muka komo. Aka hau, aka jijjiga, aka auna. Allura ba ta motsa ba. Shokazoban da aka ce sun mutu lafiyarsu ƙalau. Ya shafa sabulu a bawul ɗin famfo, wanda ke barin iska ta wuce ya hana ta komowa, da wanda ke sakin iska in an danna ƙasa. Ba kumfa. Saura tiyo kaɗai.

Aka mayar da kome, aka jiƙe tiyon da sabulu tun daga farko har ƙarshe, ba a ga kome ba. Usɗa ya yi shiru yana shan shayi. Can ya dube mu ya ce, "Ya Shehu, hau ka zauna inda ka zauna jiya." Muka tattara riga muka hau, mai babur ya hau gaba, yaran unguwa suka taru suna dariya. Nauyinmu na sauka sai Bilya ya yi ihu daga ƙasa. Kumfa ta tashi kamar ana wanki. Ashe wanda ya ɗora kayan ya bi da tiyon kusa da salansa. Zafi ya gasa shi ya bushe, ya tsage tsaga siririya kamar gashi. In babur yana tsaye ba kowa tsagar a rufe ta ke, in nauyi ya sauka tiyon ya lanƙwasa sai ta buɗe baki. Masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Aka sa sabon tiyo, aka bi da shi nesa da zafi da duk abin da ke motsi, aka bar masa ɗan sarari kada ya ɗame, aka ɗaure. Kuɗin tiyon bai kai na kosharin da muka ci ba. Ladan Usɗa mai masaukinmu ya biya daga aljihunsa ba tare da ya ji ciwo ba. Muka haye gada da la'asar sakaliya, muka bi maɗabbat ɗaya bayan ɗaya, ba mu ji ƙarfe ya bugi ƙarfe ba. Kashegari muka tafi Madinatul Bu'us a Abbasiyya, masaukin ɗaliban Azhar na ƙasashen waje, muka ba kowane yaro saƙonsa cif, ya sa hannu.

Da za mu rabu da Usɗa ya gaya mana cewa irin kayan nan da a ke ɗorawa daga baya, galibi ba manyan sassa ke ba da wahala ba. Mahaɗi ne, da hanyar da aka bi da tiyo da waya, watau aikin hannun wanda ya ɗora. Don haka muna roƙon 'yan'uwanmu masu shigo da kayan babur da mota, da masu kai aiki Magajin na Suame, su riƙe wannan tsari. A fara da tambaya. A dubi mai araha kafin mai tsada. A raba kaya a gwada kowanne shi kaɗai. A gwada da nauyi a kai, yadda a ke amfani da shi kullum. Wanda duk ya ce maka abu ya mutu, ka ce ya nuna maka kumfa. Dattawa kuma, in yaro ya zo da gaggawa yana neman rance don kaya za su tashi gobe, ku ba shi shayi tukuna, ku tambaye shi wa ya duba.

Mai masaukinmu ya aiko da gaisuwa ga iyayensa da dukan jama'a. Ya ce yanzu gorar sabulu ba ta fita daga akwatin baburinsa. Allah Ya kiyaye matafiya duk inda su ke. Haza wasalam.