Mai Jan Bik Ma Yana Bukatar Gyara

Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli. Tun da na fito daga makarantar horon malamai ta Maraɗi, aikina kullum gyara ne: in ja layi da jan bik a ƙarƙashin kuskuren yaro, in rubuta daidai a gefe. Wanda ya saba gyara wasu haka, sannu a hankali sai ya manta shi ma yana da abin gyarawa. Ni dai na manta, sai da wata mai tuyar ƙosai ta tuna mini.

A lokacin ina riƙe da ajin CE2 a wani ƙauye na Baudeta, cikin rumfar kara, yara sun haura sittin. Akwai wata yarinya da kullum sai darasi ya yi nisa take shigowa. Na yi mata faɗa, na sa ta durƙuso, har na kai ga tsumagiya. Wata safiya lokacin ɗari na tsayar da ita gaban allo, na sa ƴan ajin suka yi mata ihu, na ce mata ba za ta taɓa zama komai ba. Washegari ba ta zo ba. Mako ya cika ba ta zo ba. Na sa mata alama a rajista na ci gaba da darasina.

Ran nan bayan la'asar uwarta ta yi sallama a ƙofar gidana. Ta ce, “Mushe, ban zo faɗa ba. Ni ban yi lakwal ba, amma ina da tambaya. Ka taɓa tambayarta abin da ke sa ta makara?” Na yi shiru. Ta ce tun rasuwar mahaifinta, yarinyar ce ke zuwa rijiya da asuba, sahu biyu, kafin ta ɗauki kayan karatu. Sannan ta ce, “Duka bai sa ta kawo mini ƙara ba. Maganarka ce ta hana ta barci. Kai da ake cewa mai karanta Littafi ne.”

Ni Kirista ne, kuma kowa a garin ya sani. Wannan kalma ta ƙarshe ta soke ni, amma abin da ya fara taso mini ba nadama ba ce, fushi ne. Na kwana ina jera hujjoji: yara sun yi yawa, doka doka ce, idan na ƙyale ɗaya sauran za su lalace, ita kuma wace ce da za ta koya mini addinina? Da na gama zayyana wa matata, sai ta ce, “Maigida, cikin abin da ta faɗa, wanne ne ƙarya?” Ban amsa ba.

Ran Lahadi na je sujada Tasawa. Bayan an tashi na ja wani dattijon majami'armu gefe na ba shi labari, ina jiran ya ce an yi mini rashin kunya. Ya saurara har na gama, ya ce, “Ɗana, ka faɗa mini wadda ta yi maganar da yadda ta yi ta. Ba ka faɗa mini ko gaskiya ce ba.”

Ya tuna mini da sarki Dawuda a littafin Sama'ila na biyu, sura 12. Annabi Natan ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace ƴar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci. Dawuda ya fusata ya yanke hukunci, sai aka nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Yana da ikon sa a kashe annabin, amma ya amsa laifinsa ba tare da kawo uzuri ba. Na sha koyar da wannan labari ga yara, kullum ina ajiye kaina a wurin Natan. Lalle laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Dattijon manomi ne, don haka ya ƙarasa da misalin gona, wato sassabin zamani. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki da SIM a Maraɗi, ya yi shekaru yana dashen itatuwa, akasarinsu suna mutuwa. A 1983 ya gane cewa ƴan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara daga kututture masu rai suke fitowa. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran. Sai da ya yarda hanyarsa ta farko ba ta ci ba, manoma ma suka yarda share gona ƙaƙaf na cutar da ƙasa, kafin itatuwa suka dawo gonakin Maraɗi da Damagaram. Dattijon ya ce, “Bisharar Yohanna sura 15 ta nuna cewa reshe mai ba da ƴaƴa ma ana datse shi. Itace ba ya zaɓen wanda zai riƙe addar.”

Ran Litinin da yamma na je gidansu. Na durƙusa na gaida uwar, na ce, “Inna, gaskiyarki ce. Na yi laifi, ku yafe mini.” Harshena ya so ya ƙara “amma”, na haɗiye shi. Da yarinyar ta dawo, na nemi gafararta a gaban ajin, tun da a gabansu na kunyata ta. Na yi tsoron yara za su raina ni. Ba su raina ni ba.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Ta rasa makonni uku, ta maimaita ajin, kuma har ta bar hannuna ba ta sake ɗaga yatsa don ba da amsa ba. Tuba yana kawo gafara, amma ba ya share tabo nan take. Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci da na koya.

Ƴan'uwana malamai, mun iya cewa yaro ya gyara, to mu koyi jin kalmar idan ta juyo kanmu, ko daga bakin wanda bai taɓa shiga aji ba. Ku kuma iyaye, kada ku yi shiru don kun ga mu ne masu ilimi. Ku zo ku faɗa mana cikin mutunci, kamar yadda wannan baiwar Allah ta yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tsumagiyar na jefa ta murhu tun wannan mako. Yanzu idan yaro ya makara, nakan bar shi ya zauna. Idan an fita shan iska sai in kira shi gefe in tambaye shi, “Lafiya dai gida?”