Sola a kan tsohon kwano

Tun da na saka hoton farantan solar gidanmu a makon jiya, mutane da dama suka biyo ni ta bayan fage suna neman lambar wanda ya yi aikin. Zan bayar in sha Allahu, amma ku fara karanta wannan tukuna, don abin da kuka gani a hoton nan aiki na biyu ne. Na farkon ban ɗauki hotonsa ba. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Kun dai tuna ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta yi sama da mako guda a cikin duhu. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala. Ga fetur ya haura naira 1,000 a lita, janareto ya zama kayan ado. Kowa da abin da ya dame shi a lokacin, ni nawa firji ne. Hajiyarmu tana da ciwon suga, allurarta kuma ba ta son zafi. Kwana da kwanaki muna naɗe ta a leda muna sakawa a gindin randa, ana neman ƙanƙara kamar ana neman zinare. Ranar da wuta ta dawo na ce wallahi ba za a sake ba, ko da bashi sai na sa sola.

To a nan gaggawa ta shigo. Akwai yaron maƙwabcinmu da ya koyi aikin, yaro mai ladabi, Kawu yake ce mini. Ya kawo lissafi: faranti shida, inbata, batir, wayoyi. Kuɗin aikinsa bai kai rabin na wani da na tambaya ba. Ranar da ya hau sama ya leƙo ya ce, "Kawu, kwanon nan fa ya kwana biyu." Na ce, "Kai dai ɗora, ai ba ya yoyo." Wannan maganar ni na faɗe ta da bakina, shi ya sa duk abin da zan faɗa a ƙasa ba na ɗora wa yaron shi kaɗai.

Gidan nan marigayi mahaifinmu ne ya rufe shi a 1998. Kwano ne irin na da, ya yi ja saboda tsatsa, amma gaskiya ba ya zuba. Yaron ya sa aka yi masa walda da ƙarfe, ya huda kwanon duk inda ƙafar ƙarfen ta faɗa, ya ɗaure noti, ya shafe da gam. Kwana biyu aka gama. Duk hunturu da bazara muna cikin jin daɗi, fanka na juyawa, firji na aiki, azumi ya zo muna raba wa maƙwabta ruwan sanyi. Har wani ɗan alfahari nake ji idan layinmu ya yi duhu gidanmu na haske.

Sai ruwan farko na watan Mayu. Irin hadarin nan da ke fara zuwa da iska da ƙura kafin ya zuba. Wajen ƙarfe biyun dare ƙanwata ta buga mini ƙofa, wai in zo ɗakin Hajiya. Na tarar da tsohuwa a zaune a kan kujera, an ja katifa gefe, an jera roba uku da tukunya, silin ya yi ciki kamar zai faɗo. Ruwa ya shiga akwatin da take ajiye zannuwanta na tun aure. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Shekara ashirin da bakwai ɗakin nan bai taɓa jiƙa ni ba." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da safe na kira yaron, ya ce ai ya gaya mini kwanon ya tsufa. Na aika aka ɗauko kafintan da ya rufe gidan tun farko, dattijo ne yanzu, Baba muke ce masa. Ya hau, ya daɗe, ya sauko yana kaɗa kai. Ya ce ya ƙirga huda ashirin da huɗu, kusan rabi a cikin kwarin kwano, wato daidai hanyar da ruwa ke bi, alhali ko almajirin kafinta ya san a kan tudu ake buga ƙusa. Wasu notikan ma ba su sami katako ba, kwano kawai suka riƙe. Gam ɗin kuma rana ta gasa shi ya ɓare. Sannan ya ɓalle silin ya nuna mini abin da ya fi tayar mini da hankali: gara ta cinye katakon, ka matsa da yatsa ya nutse.

Na ce, "To Baba yanzu laifin wa ke nan?" Ya ce, "Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

Kowannensu yana da gaskiya, kuma ba wanda zan iya kamawa. Mai sola ya ce rufi ne, mai rufi ya ce sola ce, ni kuma ga uwata tana kwana a falo.

Ga lissafin da ban yi ba tun farko. Farantin nan mai wat 550 tsawonsa ya haura mita 2, faɗinsa ya haura mita 1, nauyinsa wajen kilo 27. Shida sun wuce kilo 160, ban da ƙarfen da ke ɗauke da su. Nauyin ma ba shi ne babbar matsalar ba, iska ce. Idan iskar farkon damina ta shiga ƙarƙashinsu, ɗaga su take yi ta sake, ɗaga ta sake, kowane lokaci tana faɗaɗa hudar. Sannan masu ƙera faranti shekara 25 suke yi masa alkawari. Ni kuma na ɗauki abin da zai yi shekara 25 na ɗora a kan abin da ko shekara 3 ba ta rage masa ba. Ko da yaron ya yi aikin daidai, da sai an sauke su wata rana a biya kuɗin saukewa da na mayarwa. Abin da na biya ke nan, har da faranti ɗaya da ya tsage wajen saukowa. Bana da ɗan ƙaramin rago muka yi layya.

Yanzu batun wa za a ba aikin. Mutum uku na kira. Na farko ta waya ya ba ni farashi, bai ma zo ya ga gidan ba, na ce na gode. Na biyu ɗan kwangila ne, ya ce a ba shi duka, rufi da sola, shi zai kawo kafintansa. Gaskiya tsarin ya burge ni, domin idan an samu matsala wuya ɗaya za ka kama, kuma wanda ba shi da lokacin tsayawa a kan aiki, ina ganin hakan ya fi masa. Amma da na ce ina son ganin kafintan, sai ya fara kame-kame, ashe sai ya karɓi kuɗi sannan zai je bakin kasuwa ya nemo. Na uku, wanda muke kira Injiniya, kafin ya yi maganar kuɗi tsani ya nema. Ya hau sama, ya shiga cikin silin da fitilar waya, ya tambayi ina tankin ruwa yake jefa inuwarsa da hantsi da kuma la'asar. Ya ce shi ba ya aikin rufi, kuma ba zai ɗora komai ba sai ya zauna da wanda zai yi. Na nemi ya kai ni gidan da ya yi wa aiki wanda ya riga ya ga damina, ya kai ni biyu. Ban kalli inbata ba, silin na riƙa kallo, masu gidan suna ta mamaki.

Zaman da muka yi mu uku a ƙofar gida bayan la'asar, shi ne ainihin aikin. Da farko ba su jitu ba. Baba yana ganin wannan yaron ɗan boko zai koya masa sana'arsa, Injiniya kuma yana ta zane a takarda. Sai da Baba ya karɓi biron ya ce, "Kai nuna mini inda ƙafafunka za su tsaya, ni na san abin da zan sa a ƙarƙashi." Daga nan magana ta miƙe. Aka yarda farantan su koma ɓangaren da ke kallon kudu, nesa da inuwar tanki, don inuwa a kan faranti ɗaya tana rage ƙarfin sauran da aka jera su tare. Baba ya ƙara katako a layin da ƙafafun za su hau, ya matso da su kusa da juna, ya ƙara ɗaurin rufin da bango. Aka bar rata tsakanin faranti da kwano don iska ta riƙa ratsawa, saboda faranti idan ya yi zafi wutarsa raguwa take yi, abin da yawancinmu ba mu sani ba, muna zaton zafin Afrilu shi ne abincinsa. Aka bar hanyar da mutum zai taka ya wanke ƙurar hunturu. Wayoyi kuma aka ce ta cikin bututu za su bi su sauka ta gefen bango, ba za a huda musu rufi ba.

Sharaɗin da na fi ji da shi kuwa Injiniya ne ya kawo: mutum ɗaya ne kawai zai huda kwanon. Shi zai sa alama, Baba ne zai huda ya ɗaure ƙafafun da hannunsa, a kan tudu, da noti mai roba, ya shiga cikin katako. Daga ƙafa zuwa ƙasa na Baba ne, daga ƙafa zuwa sama na Injiniya ne. In an ga ruwa an san wanda za a kira, in an rasa wuta an san wanda za a kira.

Sai na ce a rubuta, kuma zan riƙe kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin aikin kowa sai an yi ruwa mai ƙarfi sau uku. Nan fa fuskar Baba ta canza. Ya ce, "Ni da mahaifinka ba mu taɓa rubuta takarda ba." Wallahi na ji nauyi, har na kusa cewa a bar shi. Kunyar nan ita ce ke cin mu, ita ce ta hana ni tambayar yaron maƙwabci ko gida nawa ya taɓa yi. Na daure na ce, "Baba, a zamaninku in ka sauko daga rufi ba mai sake hawa. Yanzu mai dish ya hau, mai tanki ya hau, mai sola ya hau. Takardar nan kai take karewa." Na kuma tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Ya yi shiru, sannan ya ce a kawo. Da ajami ya sa hannu.

Katako ni da shi muka je Na'ibawa muka zaɓo, aka shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Kwano kuma alminiyum muka saya, kuma ku riƙa auna kaurinsa a gabanku, don abin da ake faɗa da baki ba kullum yake zama abin da ke cikin mota ba. Namu sai da aka mayar da kashin farko. Da yake damina ta riga ta shigo, ɗaki-ɗaki Baba ya riƙa yaye rufin, ya buɗe da safe ya rufe kafin magariba, idonsa na gabas. Kafin a ɗora faranti ko ɗaya, aka ja tiyo aka yi wa rufin wanka na kusan awa guda, ni ina ciki ina kallon sama. Injiniya ya kafa sandar tagulla a ƙasa ya haɗa da farantan, ya sa abin kariya daga tsawa, waɗanda a aikin farko babu ko ɗaya. Wata shida muna kwana a ƙarƙashin ƙarfe mai wuta ba mu sani ba.

Abin da ya sa na ga ya kamata in yi dogon bayani shi ne, yanzu kowa sola. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 a Afrilun 2024, duk wanda ya samu ɗan hali sama yake kallo. Fadar shugaban ƙasa ma an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don ta sa tata, to wa ya rage? Ku hau bene a unguwarku ku duba, za ku ga faranti sabo fil a kan kwanon da ya girmi mai gidan aure, wani an danne da bulo, wani an ɗaure da waya. Muna zama mu yi awa muna gardama a kan batirin litiyom da mai ruwa, amma ba mai tambayar katakon da ke ɗauke da kayan. Yaran da ke aikin kuma wuta suka koya, ba rufi ba, kuma ba laifinsu ba ne idan mai gida ya ce "kai dai ɗora".

Yaron maƙwabcin namu ban karɓi ko sisi a hannunsa ba, har na faranti da ya tsage. Duk da haka gaisuwarmu da mahaifinsa a masallaci ba ta koma yadda take ba, yana ganin na kunyata ɗansa da na kawo wani. Wannan har yanzu yana damuna, ban kuma san yadda zan gyara ba.

Ruwan da aka kwana ana yi ran Talata shi ne na uku. Cikin dare na ɗauki fitila na shiga ɗakin Hajiya ina haska silin lungu-lungu. Ta farka ta ce, "Kai kuma lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta ce to in kashe mata fankar nan sanyi take ji. Washegari na tura wa Injiniya cikon kuɗinsa, na kai wa Baba nasa har gida. Ya ƙirga, ya sa a aljihu, ya ce in gaya wa duk yaron da zai hau wanke farantan ya riƙa taka layin noti, kar ya taka masa tsakiyar kwano.

Masu neman lamba, ta Injiniya zan tura muku. Baba kuwa wayarsa kullum a kashe take, sai dai ku zo in raka ku.